Jaririyar da aka je ɗaukowa Chaina, ina uwarta?

Shekaranjiya da daddare ƙanwata ta turo min wani bidiyo a WhatsApp, tsoho ne ya sake zagayowa. Wasu Turawan Amurka ne, miji da mata da yaransu maza biyu har da kakar yaran, sun haɗa jakunkuna sun hau jirgi sai Chaina, wai za su je karɓo jaririyar da aka ba su. Aka nuna su a kan babbar ganuwar nan suna ta ɗaukar hoto, can kuma sai ga wani ofis, wata ma'aikaciyar gidan marayu ta shigo rungume da yarinya da ba za ta wuce wata goma ba ta miƙa musu. Matar na kuka, mijin na kuka, ita kuma yarinyar sai tsala ihu take tana miƙa hannu wajen wadda ta kawo ta. A ƙasa ƙanwar tawa ta rubuta, "Yaya kalli don Allah, wallahi mutanen nan sun fi mu tausayi."

Maganar ta tsaya min a rai. Duk tsawon bidiyon babu wanda ya tambaya wa ya haifi yarinyar nan, kuma ya aka yi ta bar hannun uwarta.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Akasarin iyalan da suka yi wannan tafiya da zuciya ɗaya suka yi ta, na yarda da haka ɗari bisa ɗari, kuma da yawansu sun riƙe yaran riƙo na tsakani da Allah. Amma tsarin da ya miƙa musu jariran, inda ake biyan dala a kan kowane kai sannan a share sunan uwa da uba da ƙauyen da aka haifi yaro, tsari ne da bai dace ba tun farko, kuma da Chaina ta rufe ƙofar a 2024 daidai ta yi. Sai dai ta makara, kuma yadda ta rufe ɗin ma akwai yaran da ta zalunta, zan zo kan wannan.

Yadda tafiyar take

A 1992 ne dokar da ta ba baƙi damar ɗaukar yaran Chaina ta fara aiki. Daga lokacin zuwa rufewa yara sama da 160,000 aka fitar, Amurka kaɗai ta karɓi sama da 82,000, sauran suka tafi Sifaniya, Kanada, Holan, Suwidin da sauransu. A 2005 kawai kusan yara 8,000 ne suka shiga Amurka, kuma a waɗancan shekarun kusan dukkansu mata ne.

A lokacin iyali kan shafe shekara ko fiye suna cike takardu, a zo a duba gidansu a duba albashinsu, sannan wata rana a turo musu ɗan ƙaramin hoto da rahoton likita a ce ga taku nan. Tafiyar kanta kusan mako biyu ce. A fara da Beijing a yi yawon buɗe ido, sai a wuce babban birnin lardin da yarinyar take a karɓe ta a ofishin hukuma ko a otal, washegari a dawo a sa hannu, iyayen riƙo su dangwala yatsa da jan tawada, ita ma jaririyar a dangwala tafin ƙafarta a takarda. Daga nan sai Guangzhou, garin nan da 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari ke zuwa sarin kaya, sabida a lokacin can ne ƙaramin ofishin jakadancin Amurka ke buga wa yaran biza. Akwai wani otal a tsibirin Shamian da ake kira White Swan wanda ya yi suna da wannan harka, har akwai wata jar kujera a ciki da ake jera jariran a kai a ɗauke su hoto kafin kowa ya kama gabansa.

Wannan ɓangaren ake nunawa, kuma yana da daɗin kallo kam.

"Ai yar da su aka yi"

Wannan ce amsar farko da kowa ke bayarwa. Wai mutanen Chaina ba sa son 'ya'ya mata, su ne suka zubar da su a titi, Turawa suka tsince su, toh ina laifi.

Eh, an yar da jarirai da yawa, ba ƙarya ba ne. Amma me ya sa? Tun wajen 1980 gwamnati ta kafa dokar haihuwar ɗa ɗaya tak, daga baya a karkara da yawa aka sassauta cewa in na farko mace ce za a iya ƙara ɗaya. A lokacin wanda ya wuce haka akwai tara mai ninka abun da iyali ke samu a shekara sau da yawa, akwai kora daga aiki, a wasu wuraren har rushe gida da kwashe dabbobi da tilasta wa mace zubar da ciki ko juyar da mahaifa. Ga shi a ƙauye ɗa namiji ne ke riƙe iyaye in sun tsufa sabida a lokacin babu fansho. Toh ka ɗauki manomi da ya haifi mace ta biyu, ga surukai na matsa lamba, ga jami'an ƙayyade iyali na zagaye gida-gida, kuma babu wata hanya a doka da zai je ya ce ga 'yata ku riƙe min. Shi ya sa za ka ji an tsinci jaririya da asuba a ƙofar ofishin gwamnati ko a kasuwa ko tashar mota, wuraren da ake da tabbacin mutane za su gan ta da wuri, an naɗe ta da kaya masu kauri, wani lokaci da 'yar takarda a jikin rigarta an rubuta ranar haihuwa. Wadda ba ta son ɗiyarta ba ta tsayawa rubuta ranar haihuwa. Hausawa na cewa ba a raba hanta da jini, kuma uwa a lardin Hunan na Chaina ma uwa ce.

Sannan akwai abun da ba a cika faɗa ba. Wata malamar jami'a Ba'amurkiya, Kay Ann Johnson, wadda ita ma a Chaina ta ɗauko 'yarta, ta shafe shekaru tana bincike a ƙauyuka, abun da ta gano shi ne su kansu mutanen Chaina suna son ɗaukar waɗannan yara mata, kuma da yawa sun ɗauka a ɓoye. Dokar ce ta tsuke musu ƙofa. A farko sai wanda ba shi da ɗa ko ɗaya kuma ya kai shekara 35 ne zai iya ɗauka, sai a 1999 aka sauko da shi 30, sabida gwamnati na tsoron kar mutane su riƙa ɓoye 'ya'yansu a gidan dangi da sunan riƙo. Kenan maƙwabci da ke son yarinyar an hana shi, goggo an hana ta, wani lokaci ma a je a ƙwace daga hannunsu, amma an buɗe wa wanda ya zo daga jihar Ohio ta Amurka. Ni wannan ne ya fi ci min rai a duk labarin.

Kuma ba duka aka yar ba ma. A 2011 mujallar Caixin ta can Chaina ta fallasa cewa a gundumar Longhui ta lardin Hunan jami'an ƙayyade iyali sun ƙwace aƙalla yara 16 daga iyalan da suka kasa biyan tara, aka kai su gidan marayu na Shaoyang aka laƙaba musu sunan dangi ɗaya, Shao, aka rubuta tsintattu ne, wasunsu suka ƙare a ƙasashen waje. Hukuma ta musanta cewa ciniki aka yi amma ta hukunta wasu jami'ai. 'Yar jaridar Los Angeles Times Barbara Demick ta bibiyi labarin wasu tagwaye mata, an ɓoye ɗaya a gidan dangi, jami'ai suka kutsa suka ɗauke ta a 2002 tana dab da shekara biyu, ta tashi a jihar Texas ta Amurka da takardar da ta ce a titi aka tsince ta, sai a 2019 ta haɗu da 'yar'uwarta da iyayenta. Iyalin Texas ɗin ba su san komai ba, su ma ƙarya aka yi musu.

"Kuɗin ai taimako ne ga gidan marayu"

A lokacin kowane iyali sai sun ba gidan marayun da yarinyar ta fito dala 3,000, ana kiransa gudummawa amma dole ne, kuma shekaru da yawa tsaba ake kaiwa, sababbin takardu, daga baya ya koma yuan 35,000 na kuɗin Chaina. Wannan banda kuɗin kamfanin da ya haɗa harkar da tikiti da otal, wanda in an tattara ya kan kai dubban daloli masu yawa.

Na yarda an yi aiki da wani ɓangare na kuɗin. A farkon shekarun 1990 gidajen marayun gwamnati suna cikin mummunan hali, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 1996 kan yawan mace-macen yara a cikinsu, musamman wani na Shanghai, duk da gwamnati ta musanta. Dalar baƙi ta gina ɗakuna, ta sayi madara da magani, ta ƙara ma'aikata.

Amma ka yi tunani mana. In gidan marayu zai samu dala 3,000 idan ya ba baƙo yarinya, kuma ba zai samu ko kusa da haka ba idan ya mayar da ita ga iyayenta ko ya ba ɗan gari, wanne shugaban gidan zai zaɓa? Kuma ranar da jarirai suka yi ƙaranci alhali ga baƙi a layi, me kake tsammanin zai biyo baya? Ba sai an yi hasashe ba. A ƙarshen 2005 'yan sanda suka kama wani gungu a Hunan da ke kawo jarirai daga lardin Guangdong suna sayar wa gidajen marayu na yankin Hengyang a kan 'yan ɗaruruwan daloli, su kuma gidajen su haɗa takardun ƙarya su miƙa wa baƙi. A 2006 kotu ta ɗaure wasunsu. Babu wanda zai ce maka duk yaran haka aka same su, amma da zarar an sa farashi a kan kai toh an buɗe kasuwa ko da niyyar mai biya mai kyau ce.

"Amma ai sun samu rayuwa mai kyau"

Da yawa sun samu, sun yi karatu, sun samu iyaye masu ƙaunarsu, kuma akwai cikinsu waɗanda za su ce maka sun gode Allah kuma ba sa son a ji tausayinsu. Ban isa in ƙaryata su ba, rayuwarsu ce.

Sai dai yanzu waɗancan jariran sun girma, 'yan shekara ashirin da talatin ne, kuma su da bakinsu suke faɗin ɗaya ɓangaren. Yarinya ta tashi ita kaɗai ce mai irin fuskarta a gida da makaranta da coci, ana tsokanarta da idonta, in ta dawo gida ta faɗa iyayen da ke sonta ba su san zafin abun ba sabida ba a taɓa yi musu ba. Ta je asibiti likita ya tambaya ko akwai ciwon suga ko sankara a danginku, ba ta da amsa. Ranar haihuwarta ma sau da yawa kintace ne na ma'aikacin gidan marayu. In ta koma Chaina nema ba ta jin yaren, abun da ke hannunta sai wata cigiya da aka buga a jaridar lardi, ɗan hoto baƙi da fari kamar kan sarki a jere da wasu jarirai, da layi biyu da ke cewa an tsince ta a wuri kaza ranar kaza, in ba a zo ba cikin kwana 60 shi ke nan. Manomin da ke can bayan duwatsu yaushe zai ga wannan jarida, kuma in ya gani ya fito ya ce tawa ce ai kansa ya kai ƙara.

Wata za ta ce min ai ba a cin asali, tuwo ake ci. Haka ne, amma me ya hana a ba yaro tuwon kuma a bar masa sunan ubansa? Ni ban ga inda ɗaya ke hana ɗaya ba.

Akwai kuma waɗanda ba su dace ba. Kamfanin labarai na Reuters ya yi bincike a 2013 kan yadda wasu iyaye a Amurka ke tallata yaran da suka ɗauko daga waje a intanet suna neman wanda zai karɓa, kuma a 2020 duniya ta ga wata mai tashar YouTube da ta tara mabiya da bidiyon tafiyarta Chaina ɗauko yaro, bayan 'yan shekaru ta sanar ta miƙa shi ga wani gida sabida lalurarsa ta fi ƙarfinta. Irin waɗannan ƙalilan ne, amma yaron da abun ya faɗa wa ba shi da kawu ko inna a ƙasar da zai tsaya masa.

Yara masu lalura fa?

Nan ne hujjar masu adawa da ni ta fi ƙarfi kuma ba zan kauce mata ba. Tun bayan 2007 da aka tsaurara sharuɗɗa, kuma jarirai mata masu lafiya suka ragu, akasarin yaran da aka riƙa fitarwa masu lalura ne, tsagaggen leɓe, ciwon zuciya, makanta, galahanga, kuma da yawa maza ne da suka ɗan tasa. Waɗannan ba layi ake yi musu a cikin gida ba. Iyalan da suka je ɗauko su sun san abun da ke gabansu na tiyata da jelen asibiti suka kuma amsa, wallahi sun cancanci yabo.

Korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020, mutane suka yi ta jira, sai a ranar 5 ga Satumba 2024 kakakin ma'aikatar harkokin wajen Chaina Mao Ning ta sanar an daina gaba ɗaya, sai dai in ɗan dangi na jini ne na kusa ko agola. Ta gode wa iyalan waje a kan kyakkyawar niyyarsu. A lokacin akwai yara kimanin 300 da an riga an haɗa su da iyalai a Amurka, wasu sun yi shekaru suna ganin hoton mutanen da aka ce musu su ne baba da mama. Waɗannan ya kamata a bar su su tafi. An riga an yi wa yaro alkawari, kuma ba shi ya ɓata tsarin ba.

Kuma ban ɗauka tausayi zalla ne ya sa gwamnatin ta rufe ba, ƙasar da ta soke dokar ɗa ɗaya a ƙarshen 2015, ta ce a haifi uku a 2021, yawan jama'arta ya fara raguwa a 2022, ba za ta so a ce har yanzu tana fitar da yara ba. Duk da haka maganin yaro mai ciwon zuciya shi ne a taimaki iyayensa su biya kuɗin tiyata tun kafin su kai ga ajiye shi a ƙofar asibiti, kuma Chaina ta yau tana da arzikin yin haka in ta ga dama.

Ba ita kaɗai ba ce ma. Habasha ta hana a 2018, Holan ta dakatar a 2021 bayan bincike ya tono takardun bogi, a 2025 kuma wata hukumar bincike a Koriya ta Kudu ta ce gwamnatocin ƙasar na da hannu a irin wannan maguɗi. Duk inda aka tona abu ɗaya ake samu.

Mu fa?

Wanda ke ganin abun ya yi mana nisa ya tuna Chadi. A Oktoban 2007 aka tare wasu Faransawa na wata ƙungiya a Abeche suna shirin ɗora yara 103 a jirgi da sunan marayun Darfur ne, da aka bincika akasarinsu 'yan Chadi ne kuma suna da iyaye ko dangi a raye, can Faransa kuma iyalai na filin jirgi suna jira da zuciya ɗaya. Mu tuna kuma 2019 da aka gano yaran Kano 9 da aka sace aka kai Anambra aka canza musu suna, yadda hankalin kowa ya tashi. Abun da muka ji a ranmu lokacin shi ne abun da iyayen Longhui suka ji.

Addininmu ya riga ya raba gardamar nan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce shi da mai renon maraya kamar haka suke a Aljanna ya haɗa yatsunsa biyu, kuma a Suratul Ahzab Allah Ya ce a kira su da sunan ubanninsu, har Zaidu da ake kira ɗan Muhammadu ya koma Zaidu ɗan Harisa. Ka riƙe yaro ka ciyar da shi ka aurar da shi, amma kar ka yanke shi daga tushensa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ta ambaci wannan tsari na kafala da sunansa.

Amma laifi tudu ne. Mu da muke da wannan koyarwar, nawa ne cikinmu suka taɓa leƙa gidan marayu ba lokacin azumi ba? 'Yar riƙo nawa ce ke wanke-wanke da talla alhali 'ya'yan gida na makaranta, jariri nawa aka tsinta a kwali ya girma ana yi masa gorin asali har a hana shi aure? A nan kam wanda ya ce wasu Turawan sun fi mu ƙoƙari bai yi ƙarya ba, mutum ya tsallaka duniya sabida yaro mai ciwo alhali mu maraya na bayan katangarmu.

Abun da ya rage yanzu na hannun waɗanda ke da takardun ne. Iyayen da suka rasa jarirai a shekarun 1990 sun fara tsufa, wasu sun rasu. Ya kamata gwamnatin Chaina ta buɗe fayil ɗin gidajen marayu ga duk wanda ya zo neman asalinsa, ta kuma fito ta ce duk uwa ko uban da ya ba da jininsa a yi gwajin DNA ba za a hukunta shi a kan abun da ya wuce ba, sabida tsoro ne ke hana da yawansu fitowa. Su kuma iyalan da suka yi waccan tafiya ta farko, in 'yarsu ta ce tana son nema, su biya kuɗin gwajin su sayi tikiti su raka ta, kar su jira sai ta roƙa sau biyu.